Abin da Baba Yake Duka a Bango

Zuwa ga Yayana, babban gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Ya aiki, ya sanyin wurinku, ya kuma ƙafar nan da ka ce tana kumbura in ka daɗe a tsaye? Allah Ya sawwaƙe, Ya sa wa nemanka albarka, Ya tsare mana ku a duk inda kuka sa ƙafa. Mu nan muna godiya ga Allah. Maigidana lafiya lau, yana gaishe ka. Yaran duk suna zuwa makaranta, ƙaramar ma ta fara haɗa baƙi, tana bin duk takardar da ta gani a gidan tana karantawa da ƙarfi har ta ishe mu. An yi wa Gwaggo aikin idon nan, ɗaya ya buɗe, ɗayan dai sai a hankali. Sugan Inna yana hawa yana sauka kamar yadda ka sani, amma ba ta fasa allurarta ba.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga wurina alhali muna magana a waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, Inna tana zaune kusa da ni, kuma tun kafin in ɗaga take yi mini ido kada in tayar maka da hankali. Shi ya sa kullum abin da kake ji shi ne jikin Baba da sauƙi. An gaya maka ya faɗi, an gaya maka ya kwana biyu a asibiti, amma ba a gaya maka yadda aka yi ya faɗi ba. Ina so ka nemi wuri ka zauna ka karanta wannan a natse har ƙarshe, domin akwai abin da nake buƙata daga gare ka wanda ba wanda zai iya yi sai kai.

Ka tuna yadda ka bar Baba bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana ta ɗauke, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki, wato "bari". Da ita yake neman ruwa, da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake yi wa jikoki wasa. Amma hankalinsa yana nan garau, kai ma ka gani. Yana jan ƙafa da sanda ya fito tsakar gida ya sha iska, yana cin abincinsa da hagu, kuma rediyon nan tasa mai baƙar jaka ba ta barin gefen matashinsa. Ka san shekarun da ya yi yana tuƙin babbar mota, ita ce abokiyar tafiyarsa. Ko ka tuna yadda yake cewa ita ce yaron motar da bai taɓa yi masa gyangyaɗi ba, bai kuma taɓa neman na shayi ba? Tun da ya kwanta, tashoshin nesa na gajeren zango su ne duk abin da ya rage masa na duniya. Da sassafe, da rana tsaka, da kuma yamma, zai murɗa da babban yatsansa na hagu ya kamo labarai. In an faɗi abin da bai yi masa ba ya ja tsaki, in an ambaci wata hanya da ya taɓa bi ya ɗaga gira ya dube mu, mu kuwa mu yi dariya.

Da ka aiko aka saka mana sola, wallahi murna muka yi ba kaɗan ba, kuma har gobe muna yi maka addu'a a kanta. Allurar Inna ta samu firijin da ba ya mutuwa, mun huta da yawon neman ƙanƙara a maƙwabta, fanka kuma tana juyawa a kan Baba dare da rana. Na fara da wannan ne don kada ka karanta sauran ka ɗora wa kanka laifi. Mai solar ya kafa farantan a rufin ɗakin Baba saboda nan rana ta fi bugawa. Ya sauko da wayoyi ta jikin bango, ya jera batura da inbata mai juya wutarsu ta zama irin ta gida, da wani ƙaramin akwati mai daidaita caji a lungun nan da muke ajiye tsintsiya da bokiti. Lungun kuwa, in ka tuna, bango ɗaya ne ya raba shi da kan gadon Baba.

Ba a jima ba muka ga Baba ya sauya. Sai ka shiga ka same shi ya kara rediyo a kunne, ba abin da ke fita sai wata ƙara mai kaifi kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Yana murɗawa gaba, yana murɗawa baya, yana bubbuga ta a cinya. Muka ɗauka tsufa ne ya kama rediyon. Na karɓa na mayar da ita tashoshin cikin gari na FM, sai ga magana tar, ga kiɗa, ba ko ɗigon ƙara. Na miƙa masa na ce ga ta nan ta gyaru. Ina juya baya ya mayar da ita wurin ƙarar. Haka muka yi ta yi da shi, ni da Inna da maigidana, mu kamo masa tasha mai kyau, shi ya koma inda ba komai sai zuuu, ya zauna yana saurare kamar mai jiran wani ya yi magana. Daga nan ya fara ɗaukar sandarsa yana dukan bangon kan gadonsa, yana nuna wurin, yana cewa bari, bari, har jijiyoyin wuyansa su tashi. Inna ta duba ko kyankyaso ne, ta duba ko ɓera, ta janye gadon ta share, ba ta ga komai ba. Sai kuma ya tsiri jan jiki zuwa ƙofar gida da rediyon a hammata. A kamo shi a dawo da shi, gobe ya sake.

Baffa ne ya fara faɗin abin da kowa yake tsoron faɗa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli yayansa yana dukan bango, ya fito da ido jajur, ya ce ciwon ya haura kai. Ya ce mutumin da ba ya bambance magana da ƙara, yana ganin abubuwa a bango, yana neman guduwa daga gidansa, ai ba sai an tambaya ba. Kada ka ga laifinsa da yawa, Yaya, domin abin da idonmu ya gani ke nan mu duka. Muka kai Baba wurin likita, muka zayyana masa abin da muka gani, shi kuma ya ce hakan yana faruwa bayan irin wannan ciwo, ya rubuta wasu ƙwayoyi masu kwantar da mutum. Ya kuma ce in akwai abin da yake tayar masa da hankali a ɗakin, a kawar da shi. Baffa ya ce rediyon ce. Aka rasa wanda zai ɗauke ta, domin ko barci yake hannunsa yana kan jakar. A ƙarshe Inna ce ta yi, don ita kaɗai yake bari ta taɓa masa kaya. Ta ce masa za ta goge mata ƙura ne. Ya sakar mata da hannunsa, ta fita da ita, ba ta dawo da ita ba.

Ba zan iya kwatanta maka kwanakin da suka biyo baya yadda suke ba. Ranar farko ya yi ta kallon ƙofa. Kashegari da Inna ta kawo abinci ya buge kwanon ya kife a ƙasa. Ƙwayoyin suka fara aiki, dukan bangon ya ragu, Baffa ya ce kun gani ko, magani ya karɓe shi. Amma mutumin da ke kan gadon ba Baba ba ne. Baki a sake, yawu yana zuba a riga, ido rabi a rufe, in ka gaishe shi ko bari ɗin ba ya iya cewa. Ya rame har zoben azurfar nan ya zame daga yatsansa muka tsince shi a cikin zanen gado. Wata ranar da hantsi, ina makaranta ina koyarwa, Inna tana kicin, ya tashi da maganin a jikinsa ya ja ƙafa ya nufi ɗakinta. Mu a lokacin cewa muka yi ruɗewa ce. Yanzu na san rediyonsa ya je nema. A dakalin ƙofarta sandar ta zame, ya faɗi a kan ɓangaren da ya mutu, ƙashin ƙugunsa ya karye. Inna ta ce ba ta ji ihu ba, ƙarar sandar kawai ta ji a kan siminti. Likitocin ƙashi sun duba shi sun ce zuciyarsa ba za ta ɗauki aiki ba. Sun ce a bar shi a kwance, kuma ba su ɓoye mana ba cewa da wuya ya sake taka ƙasa.

Yana asibiti na je gida ɗauko wa Inna kayan sawa, na buɗe akwatinta, sai ga rediyon a ƙasan zannuwa, an naɗe ta da ɗankwali. Da na gaya mata, ta ce in fitar da ita daga gidan, ko in bayar ko in yar, ita dai ba ta son sake ganinta. Na kasa yarwa. Na ce bari in kai wa mai gyaran rediyon nan na bakin kasuwa, dattijon da yake ɗaure gilashinsa da zare, wanda Baba yake sayen batir a wurinsa. Tunanina ko a gyara ta in ajiye don tunawa. Na same shi a cikin rumfarsa, tsofaffin rediyoyi jibge har rufi, ƙaurin dalma ya cika wurin. Yana ganin jakar ya gane ta, ya tambayi jikin direba. Ya saka sabon batir, ya zaro eriya, ya murɗa kaɗan, sai ga muryar mai karanta labarai daga tashar nesa, tar, kamar yana zaune tare da mu a kan benci. Ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan. Ya ce mini wannan rediyo lafiyarta ƙalau, ta ma fi sababbin da ake kawowa yanzu kunne. Na ce masa a gida ba ta yin komai sai ƙara. Ya tambaye ni ko an kawo wani sabon abu mai aiki da wuta gidan, na ce sola. Sai ya miƙo mini ita tana kunne, ya ce kada in kashe, in tafi da ita haka har gida ina saurare.

Yaya, na bi titi da rediyo a hannu mutane suna kallona. Har na wuce shagon mai walda magana tana fita lafiya, in ban da ɗan tsartsatsi. Na shiga layinmu tana nan. Ina kaiwa ƙofar gida wani siririn zuuu ya fara shigowa ƙarƙashin muryar. A tsakar gida ya rinjaye ta. Da na shiga ɗakin Baba magana ta ɓace gaba ɗaya. Na matsa kan gadon, na ɗora rediyon a bangon, daidai wurin da fentin ya ɓarɓare saboda dukan sandarsa, ƙarar ta tashi har sai da na janye kunnena. Na zaga lungu na kashe inbatar. Ƙarar ta faɗi, muryar mutumin ta dawo yana ci gaba da labaransa. Na kunna, ta ɓace. Na kashe, ta dawo. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa a cikin lungun nan kusa da bokiti ba. Duk watannin nan Baba ya san daga inda abin yake fitowa. Ya gano shi da kunnensa yana kwance, yana nuna mana da iyakar abin da ya rage masa, mu kuma muka kai shi aka ba shi maganin masu taɓin hankali.

Da yamma na gaya wa maigidana. Sai ya ce akwai ranar da ya ɗauki Baba a mota zuwa gashin ƙafa, rediyon tana cinyarsa a kunne. Suna fita layin sai ta kama tasha, Baba ya damƙi hannunsa yana dariya yana nuna ta. Da suka dawo ya ƙi fita daga motar, ya riƙe ƙofa, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Maigidana ya ce shi a ranar ya ɗauka rigimar ciwo ce. Ka ga dalilin jan jikin zuwa ƙofar gida ke nan. Ba guduwa yake yi ba, wurin da zai ji labarai yake nema.

Kashe solar gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ga allurar Inna a firiji, ga Baba da zai dawo ya kwanta cikin zafi ba ya iya ko juyawa. Don haka na roƙi mai gyaran rediyon ya rufe rumfarsa ya zo, na kuma kira mai solar. Shi mai solar da farko ya hau sama, ya ce gidaje da yawa ya yi wa aiki ba wanda ya taɓa kawo masa ƙorafi, kuma kayan da ka aiko a saya ba na banza ba ne. Dattijon ya ce masa ba wanda ya ce aikinsa bai yi ba, kawai yanzu ba mai jin gajeren zango sai tsofaffi irinsu, tsofaffi kuwa ba a cika tambayarsu ba. Na kai mai solar ɗakin na nuna masa bangon, na gaya masa abin da ya faru da mai ɗakin. Ya tsaya yana kallon wurin, ya cire hularsa ya mayar, daga nan bai sake musu ba. Shi ya hau rufin da kansa cikin rana.

Sun yini suna abu ɗaya: a kashe wannan a saurara, a kunna a kashe wancan a saurara, ni ina riƙe da rediyon a kan gadon ina gaya musu ta ragu ko ta ƙaru. Ashe ba daga wuri ɗaya ƙarar take ba. Inbatar tana da tata, wadda ba ta tsayawa dare da rana. Ƙaramin akwatin caji yana da tasa, wadda take ƙaruwa yadda rana take ƙara zafi, shi ya sa Baba ya fi tayar da hankali da tsakar rana. Har ƙwan fitilar da aka saka masa a ɗaki da cajar wayar Inna suna ƙara nasu. Dattijon ya bayyana mini cewa waɗannan na'urori suna yanka wuta ne da sauri-sauri, kowane yanka yana fitar da ɗan tsartsatsi, dogayen wayoyin da suka sauko ta bangon kuma su kwashe shi su watsa kamar eriya. Wato gidan ya zama ƙaramar tasha mai watsa ƙara, kan Baba kuma yana jingine da ita.

Suka kwance komai daga lungun suka mayar ɗakin ajiya na bayan kicin, can ƙarshen gida. Suka sauya wa wayoyin rufi hanya, suka rage musu tsawo, suka murɗe su biyu-biyu kamar igiya. Dattijon ya kawo wasu baƙaƙen zobba da ya ciro daga tsofaffin kayan wuta, suka zura wayoyin a ciki kusa da kowace na'ura. Suka kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai laima kusa da magudanar ruwa, suka ɗaura mata jikin inbatar da waya mai kauri. Aka sauya ƙwan ɗakin. A ƙarshe aka ja wata siririyar waya daga eriyar rediyon, ta taga, har katangar baya, nesa da farantan. Ba zan ce maka abin ya tafi duka ba. Da safe da yamma magana tana fita sosai, sai ɗan zuuu can ƙasa. Da tsakar rana har yanzu tana shaƙewa, sai dai in je in kashe akwatin cajin na ɗan lokacin labarai in mayar. Mai solar ya ce akwai wata irin inbata mai jikin ƙarfe da ba ta cika yin haka ba, amma ya ce ba zai yi mini alkawarin da bai tabbatar ba. Don Allah kada ka yi saurin aiko da wata, ba shi ne abin da nake nema ba.

Kafin a sallamo Baba na je asibiti na zauna kusa da kansa, na gaya masa mun gano abin da ke cikin bangon, mun san abin da yake nuna mana, kuma gaskiyarsa ce. A lokacin sun ɗan rage masa ƙwayoyin saboda na ciwon ƙugu, idonsa a buɗe yake. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da yake yi mana muna yara in mun yi abin da ya fi ƙarfin duka. Bai ce ko bari ba. Ya juya fuskarsa wajen taga. Na samu likitan da ya rubuta maganin na ba shi labari duka, ya ce a janye ƙwayoyin a hankali har a daina, kuma ya nuna mini yadda za a yi.

A nan ne maganar ta tsaya, kuma a nan nake buƙatarka. Baffa ya ƙi yarda. Na kunna masa rediyon na kashe inbata a gabansa ya ji da kunnensa, ya ce wannan wasan yara ne, ƙarar rediyo ba ta sa dattijo ya kifar da abinci. Ya ce shi ya ga idon yayansa a lokacin, kuma in aka daina maganin abin zai dawo. Ni na fahimci abin da ke damunsa. In ya yarda Baba lafiyar kansa ƙalau, to sai ya yarda da abin da aka yi masa, kuma shi ya fara faɗa. Yanzu kullum da yamma yana zuwa ya tambayi Inna ko an ba Baba maganin, ranar da ya ga an rage ya ɗauko kwalbar ya ba shi da hannunsa. Har ya fara maganar wani asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa da ya ce an yi masa hanya. Ni ƙaramar 'ya ce, kuma mace mai aure a wani gida, in na yi magana sai ya ce yaushe aka haife ni. Maigidana suruki ne, ba ya iya ɗaga masa murya. Kai ne babban ɗa, maganarka yake ji. Ka kira shi, Yaya, ka yi masa magana da ladabi yadda ka iya, ba tare da ka nuna masa ya yi kuskure ba. Ka ce masa kai ka yanke a bi abin da likita ya ce, kuma Baba ba ya zuwa ko'ina, a ɗakinsa zai zauna.

Abu na biyu kuma, ka zo. Na san ba a ba ka hutu yadda kake so, na san nisan, amma likitocin sun ce mutum mai shekarunsa da ya kwanta haka, ƙirji ne yakan kama shi, kuma miki ya riga ya fara fitowa a bayansa duk da muna juya shi. Ba su faɗi lokaci ba, ni ma ban tambaya ba. Ina so ya gan ka yanzu da hankalinsa yake dawowa, ba sai an kira ka ba.

Ranar da aka dawo da shi gida, bayan an kwantar da shi kowa ya fita, na kawo rediyon na ɗora masa a ƙirji, na haɗa wayar tagar. Ya daɗe yana lalube kafin babban yatsan ya samu wurin murɗawa. Bai nemi taimako ba, ni ma ban taɓa ba. Ya wuce tasha ɗaya, ya wuce ta biyu, ya tsaya a kan tasa. Ya rufe ido yana ji, hawaye yana bin gefen fuskarsa yana shiga kunne. Tun daga ranar yana karɓar abinci daga hannuna da hannun maigidana, kaɗan-kaɗan. Jiya ma an faɗi wani abu a labarai ya ja tsaki, na ji daɗin tsakin nan fiye da yadda zan iya gaya maka.

Amma Inna, Yaya. Ba ya karɓar ko ruwa daga hannunta. Da ya ji ƙarar silifas ɗinta a tsakar gida, sai ya kashe rediyon ya tura ta ƙarƙashin hammatarsa ya ja mayafi ya rufe, ya ƙura wa rufi ido har ta fita. Ta roƙe shi gafara a gabana, ta durƙusa a gefen gadon ta ce ita umarni aka ba ta, ta ɗauka taimakonsa take yi. Bai dube ta ba. Matar da ta yi shekara arba'in da wani abu tana jiran dawowarsa daga hanya, ita ce yanzu yake ɓoye wa kaya. Ta daina shiga in yana farke. Sai ya yi barci take zuwa ta gyara masa shimfiɗa, ta shafa masa mai a ƙafa. Lokacin labarai kuwa, sai ta cire takalminta tun daga ƙofar kicin, ta taho a hankali ba takalmi, ta zauna a ƙasa a bayan ƙofarsa inda ba zai gan ta ba. Na tambaye ta me take yi a nan, ta ce in dai tana jin rediyon tana magana, ta san yana nan. In ka kira ta kada ka nuna mata na gaya maka wannan. Ka dai daɗe kuna hira.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na ga saƙonta, ina godiya, Allah Ya bar zumunci. Ka shafa mini kan takwaran Baba da 'yan biyu, ka ce musu su riƙa sa kakansu a addu'a. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce da idonta ɗaya ma za ta gane ka in ka shigo. Maigidana da yara suna gaisuwa, haka ma maƙwabcinmu tela da kullum yake tambayar labarinka. Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sanyaya zuciyarsa a kan Inna tun suna tare, Ya kawo mana kai lafiya.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran kiranka,

Auta